Wa ke biyan kuɗin binciken jiragen sama? Tambayoyinku da amsoshinmu

Wasiƙun wannan watan sun karkata wuri guda, wato kuɗin da gwamnatoci ke zubawa a binciken ƙirar jiragen fasinja da na kaya da injinansu. Mun haɗa masu kama da juna, mun kuma taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Na ji a rediyo cewa gwamnatin Amurka da gwamnatocin Turai suna ba Boeing da Airbus kuɗin bincike. Kamfanonin nan ai sun fi wasu ƙasashe dukiya. Don me za a ɗauki harajin talaka a ba su?
Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari, Kano

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abu na farko shi ne lokaci. Daga ranar da aka fara gwada sabuwar dabara a ɗakin bincike zuwa ranar da za ta ɗauki fasinja, akan yi shekara 15 zuwa 25. Injin kamfanin Pratt & Whitney mai giya tsakanin fanka da sandar da ke juya ta ya ci kusan shekara 20 ana aiki a kansa kafin ya fara jigilar mutane a 2016. Babu bankin da zai ba da bashi na wannan tsawon lokaci a kan abin da ba a tabbatar zai yi aiki ba, kuma masu hannun jari ribar bana suke tambaya.

Na biyu, wanda ya biya kuɗin binciken ba shi kaɗai ke cin amfaninsa ba. Ka lura da bakin fiffiken jirgin da ka hau zuwa Legas ko Jidda, yadda ya lanƙwashe sama. Injiniya Richard Whitcomb na cibiyar Langley ta NASA, hukumar binciken jirage da sararin samaniya ta Amurka, ne ya yi aikin a shekarun 1970, aka gwada shi a jikin jirgin sojan sama samfurin KC-135 a 1979 da 1980. Lanƙwasar tana rage guguwar da ke tashi a bakin fiffike tana jan jirgi baya, don haka shan mai yana raguwa. Yau kusan kowane kamfani yana amfani da ita, har abokan hamayyar Amurka. Kamfani ɗaya ba zai so ya kashe dukiyarsa a kan abin da kowa zai kwaikwaya ba. Wannan ne ya sa tun 1915 Amurka ta kafa hukumar NACA, wadda ta auna siffofin fiffike iri-iri ta buga sakamakon kyauta, kafin ta zama NASA a 1958.

Na uku, kayan gwaji. Kafin a yanke ƙarfe, ana sa ƙaramin samfurin jirgi a cikin bututun gwajin iska a hura masa iska da gudun tashi. Matsalar ita ce iska ba ta bin ƙaramin samfuri yadda take bin babban fiffike, sai an yi dabara. A birnin Kolon na Jamus akwai bututun da ake fesa ruwan iskar naitirojin a cikinsa har sanyi ya kai digiri 163 ƙasa da sifili, a kuma matse iskar ta ninka ta waje sau 4 da rabi. Sanyin da matsin suna sa iskar ta yi nauyi ta rage danƙo, sai samfuri mai tsawon mita 1 ko 2 ya ba da amsar da jirgi na gaske zai bayar. Ƙasashe 4 ne suka haɗa kuɗin gina shi: Jamus, Faransa, Birtaniya da Holan. A garin Modane na Faransa kuma akwai wani mai faɗin mita 8, wanda ruwan da ke gangarowa daga dutse ke juya fankokinsa da ƙarfin megawat 88. Irin wannan gini babu kamfanin da zai yi shi don kansa.

Game da yawan kuɗin, sashen binciken jiragen sama na NASA ya samu dala miliyan 935 a 2023, ƙasa da kashi 4 cikin 100 na kasafin hukumar, wanda ya ɗan haura dala biliyan 25. Yawancin sauran ya tafi sararin samaniya. Amma damuwarka tana da tushe, Alhaji, domin akwai bambanci babba tsakanin biyan kuɗin ilimin da kowa zai ɗiba da kuma biyan kuɗin jirgin da kamfani ɗaya zai sayar. A kan na biyun ne ake rigima.

Ina karatun injiniya kuma ina son fahimtar yadda kuɗin ke fita. Gwamnati tana miƙa wa kamfani cek ne kawai, ko akwai matakai?
Wata ɗaliba daga Samaru, Zariya

Malama, akwai matakai, kuma ma'aunin da kusan kowa ke bi daga NASA ya fito. Ana raba nunar kowace fasaha hawa 9. Hawa na 1 zuwa na 3 shi ne lissafi da gwajin farko a kan tebur. Na 4 a haɗa sassa a ɗakin gwaji a ga suna aiki tare. Na 5 da na 6 a gwada su a yanayi mai kama da na gaske, da zafi da sanyi da jijjiga, har a kai ga samfuri mai girman gaske a ƙasa ko a jikin jirgin gwaji. Na 7 zuwa na 9 shi ne gwaji a sama, samun takardar amincewar hukuma, da shiga aiki.

Gwamnati tana biyan kaso mafi yawa a ƙasa, tana janyewa yayin da ake hawa. A dokar Tarayyar Turai, ƙasa za ta iya biyan duk kuɗin bincike na tushe, rabin kuɗin binciken masana'antu, da kashi 25 cikin 100 na gwajin da ya kusa zama kayan sayarwa, da ɗan ƙari ga ƙananan kamfanoni. Wurin da ayyuka suka fi mutuwa shi ne tsakanin hawa na 4 da na 6. A nan abin ya fi ƙarfin aljihun jami'a, kuma bai kai matakin da kamfani zai sa shi a jirgi ba. Manyan shirye-shiryen gwamnati wannan giɓin suke cikewa. Shirin Clean Sky na Turai ya fara a 2008 da yuro biliyan 1.6, rabi daga Tarayya rabi daga kamfanoni. Magajinsa na yanzu, Clean Aviation, ya fara a 2021 da yuro biliyan 1.7 daga Tarayya, kamfanoni kuma suka ɗauki alkawarin aƙalla biliyan 2.4. A Amurka, shirin CLEEN na FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, yana bukatar kamfani ya sa aƙalla dala ɗaya a kan kowace dala ta gwamnati.

A aikace ga yadda ake yi. Hukuma tana fitar da sanarwa mai ɗauke da manufa a lamba, misali rage shan mai da kashi 30 cikin 100. Kamfani babba yana haɗa ayari da jami'o'i da ƙananan masana'antu, su rubuta wa zai yi me, a wane wata, da nawa. Masana daga waje suna tantancewa. In an amince, kafin a taɓa ko sisi sai ayarin sun sa hannu a kan yarjejeniyar mallakar ilimi: abin da kowa ya shigo da shi, da wanda zai mallaki abin da aka gano. Ana ba da wani kaso tun farko, sauran kuma sai an cika zango an nuna shaida. A shirin Horizon na Turai ana ƙara kashi 25 cikin 100 a kan kuɗin aiki don wuta da haya da gudanarwa.

Inda ake yin tuntuɓe ya fi yawa a takarda. Injiniyoyi su yi aiki ba su rubuta awoyinsu ba, masu binciken kuɗi su zo bayan shekara 2 ko 3 su ce a mayar da kuɗin. Ƙaramin kamfani ya karɓi aikin da ake biya bayan an gama, kuɗin hannunsa ya ƙare a tsakiya. Mafi haɗari shi ne ƙarin gishiri wajen faɗin hawa: a ce fasaha tana hawa na 6 alhali a ɗaki mai sanyi kawai aka gwada ta. Ƙaryar ba ta fitowa sai an riga an ƙera jirgi a kanta.

Shin kyauta ake ba su ko bashi? Kuma mene ne asalin rigimar Airbus da Boeing da muka daɗe muna ji?
Wani ma'aikacin banki daga Maraɗi

Malam, duka biyun akwai, kuma kowane ɓangare da irin tasa hanyar. Turai tana ba da bashin fara ƙira. Gwamnatocin Faransa, Jamus, Birtaniya da Sifen suna ranta wa Airbus wani kaso na kuɗin ƙirar sabon jirgi, kamfanin kuma ya riƙa biya a kan kowane jirgi da ya miƙa wa mai saye. In jirgin ya karɓu, gwamnati tana karɓar uwar kuɗinta da ruwa, sannan ta ci gaba da karɓar la'ada. In bai karɓu ba, ragowar bashin ya bi ruwa. Kai da kake aikin banki ka san wannan shi ne gatan: haɗarin yana wuyan mai ba da bashi.

Birtaniya ta ba da fam miliyan 250 a 1984 don fikafikan A320. Jirgin ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sayarwa a tarihi, kuɗin ya dawo da riba mai yawa. A shekarar 2000 ta ba da fam miliyan 530 don fikafikan A380, ƙaton nan mai hawa biyu. Guda 251 kawai aka miƙa kafin a rufe ƙirarsa a 2021, domin kamfanonin jigila sun fi son jirage masu inji 2 da ke tashi kai tsaye tsakanin birane, kuma bashin da gwamnatoci suka bayar bai dawo duka ba.

Amurka kuma ba ta ba da irin wannan bashi. Tana ba da kwangilar bincike ta NASA da ma'aikatar tsaro, jihohi kuma suna rage haraji. Jihar Washington, inda Boeing ke haɗa yawancin jiragensa na fasinja, ta amince a 2013 da rangwamen da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan 8.7 zuwa 2040.

A 1992 ɓangarorin biyu suka yi yarjejeniya: bashin fara ƙira kada ya wuce kashi 33 cikin 100 na kuɗin ƙira, a biya cikin shekara 17, tallafin bayan fage kuma kada ya wuce kashi 3 cikin 100 na cinikin masana'antar a shekara. A Oktoban 2004 Amurka ta fice ta kai ƙara Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, Turai ma ta shigar da tata. Alƙalai sun samu kowa da laifi. Sun ce ruwan da Turai ke ɗora wa bashinta bai kai na kasuwa ba, don haka tallafi ne. A 2011 kuma suka ce Boeing ya samu tallafin da ya kai aƙalla dala biliyan 5.3, kusan rabinsa daga binciken NASA. A 2019 aka ba Amurka izinin sa haraji a kan kayan Turai na dala biliyan 7.5, a 2020 aka ba Turai izini a kan na kusan biliyan 4. Masu cuku da man zaitun da manoman da ba su taɓa ganin cikin masana'antar jirgi ba suka shiga cikin masu biyan kuɗin rigimar. A Yunin 2021, bayan shekara 17, aka jingine harajin na shekara 5, kuma ɗaya daga cikin dalilan da suka fito fili shi ne tasowar COMAC, kamfanin ƙera jiragen fasinja na ƙasar Sin.

Jirgin Concorde asara ce ko riba?
Wani tsohon direban babbar mota daga Kumasi

Baba, a lissafin kuɗi asara ce. Birtaniya da Faransa sun sa hannu a 1962 don ƙera wannan jirgin fasinja mai wuce gudun sauti, kuma yarjejeniyar ba ta da sashen ficewa, shi ya sa da gwamnatin Birtaniya ta so janyewa a 1964 ta kasa. Kuɗin ya ninka sau da yawa har ya haura fam biliyan 1. Jirage 20 aka ƙera, 14 suka yi jigila daga 1976 zuwa 2003. Kujera 100 ce a ciki, yana shan mai ba kaɗan ba, farashin mai ya tashi a 1973, kuma a wannan shekarar Amurka ta hana jiragen farar hula wuce gudun sauti a saman ƙasarta saboda ƙarar da ke girgiza gidaje. Majalisar Amurka ta riga ta yanke kuɗin nata jirgin, Boeing 2707, tun 1971. Abin da Turai ta tsira da shi shi ne injiniyoyi da masana'antu na ƙasashe biyu da suka koyi aiki tare, wanda ya amfani Airbus daga baya.

NASA ta koma kan matsalar ƙarar. A 2018 ta ba Lockheed Martin kwangilar dala miliyan 247.5 don ƙera jirgin gwaji guda ɗaya, X-59. Tsawonsa kusan mita 30 ne, hancinsa siriri ya ci kusan sulusin tsawon, matuƙi ba shi da tagar gaba sai allon da kyamara ke haska masa hanya. Ba don sayarwa aka yi shi ba. Manufarsa a auna yadda mutanen ƙasa ke jin ƙarar, a miƙa wa masu dokoki alƙaluman.

Idan aka kashe kuɗin jama'a bincike ya gaza, wa ake kamawa? Ba almubazzaranci ba ne?
Wata malamar makaranta daga Garwa

Malama, ya danganta da inda ya gaza. Bari mu dubi uku.

A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Rolls-Royce ya yi alkawarin injin RB211 ga jirgin TriStar na Lockheed, a kan tsayayyen farashi, da tallafin gwamnatin Birtaniya. Fikafikan fankar gaba da zaren kabon aka yi su don rage nauyi. Doka ta ce sai an harba tsuntsu cikin inji yana gudu a ga ko zai jure. Da aka harba kaza, fikafikan suka farfashe. Zaren yana da ƙarfi ta tsawonsa, amma bugu daga gefe yana raba shimfiɗunsa. Aka koma ƙarfen titaniyom, nauyi ya ƙaru, lokaci ya ƙure, kuɗi ya ƙare. A Fabrairun 1971 kamfanin ya durƙushe, gwamnatin Firaministan Birtaniya Edward Heath ta karɓe shi, majalisar Amurka kuma ta tsaya wa Lockheed a kan bashin dala miliyan 250. Kuskuren a nan a bayyane yake: an sayar da inji a kan fasahar da ba ta nuna ba. Duk da haka injinan Trent da ke ɗauke da manyan jirage a yau zuriyar RB211 ne, kuma fankar kabon ta dawo a 1995 a injin GE90 na kamfanin General Electric, bayan ƙarin shekaru ana bincike, da bakin titaniyom a gaban kowane fiffike don ya karɓi bugun.

Na biyu, injin da fankarsa ke waje babu murfi. NASA da General Electric sun tashi da shi a jikin Boeing 727 a 1986, ya nuna ragin mai sosai. Sai farashin mai ya faɗi, ƙararsa kuma ta yi yawa, aka ajiye shi. Turai ta ɗauko shi a ƙarƙashin Clean Sky, kamfanin Safran ya gwada shi a ƙasa a Istres a 2017, kuma a 2021 aka sanar da shirin RISE mai neman rage mai da kashi 20 cikin 100. Da ba a adana bayanan 1986 ba, da daga farko za a faro.

Na uku, jirgin lantarki X-57 na NASA, wanda aka rufe a 2023 bai taɓa tashi ba. Batirinsa ya yi zafi fiye da kima a gwajin farko sai da aka sake ƙirarsa, na'urorin da ke juya wutar batir zuwa ta injinan lantarki suka riƙa ba da matsala, daga ƙarshe aka gano lahani a injinan kansu da zai iya jefa matuƙi cikin haɗari. Ga kuma lissafin da ba ya canzawa da sauri: kilo 1 na man jirgi yana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na kilo 1 na batirin yau sau 40 ko fiye. An buga abin da aka koya, masu ƙera ƙananan jiragen lantarki da masu rubuta ƙa'idojinsu suna amfani da shi.

A ganinmu gazawa irin ta biyu da ta uku ita ce ainihin abin da ake biyan kuɗin jama'a dominsa, muddin an rubuta sakamakon an buɗe shi. Wadda ya kamata majalisa ta kira mutane a kanta ita ce ta farko, inda aka yi alkawari aka karɓi kuɗi a kan fasahar da ba ta kammala ba.

Japan ta fi Barazil fasaha nesa ba kusa ba. Yaya aka yi Barazil ke sayar da jiragen fasinja, Japan kuma ta kasa?
Wani makaniki daga Panteka, Kaduna

Maigida, amsar tana cikin abin da kowace ta fara saye da kuɗinta. Barazil makaranta ta fara ginawa. A 1950 ta buɗe kwalejin injiniyan jiragen sama ta ITA a São José dos Campos, kusa da cibiyar bincike ta sojan sama, ta ɗauko malamai daga waje. Sai da ta yi shekara 18 tana yaye injiniyoyi kafin ƙaramin jirgin Bandeirante ya tashi a 1968. A 1969 aka kafa Embraer a ƙarƙashin Ozires Silva. Sojan sama suka yi odar jirage 80, wanda ya ba masana'antar aikin shekaru, doka kuma ta ba kamfanonin ƙasar damar sayen hannun jarin Embraer da kashi 1 cikin 100 na harajin da ake bin su. Ba su ce sai sun ƙera komai ba: inji daga Kanada suka sayo, suka riƙe ƙira da haɗawa da neman takardar amincewa. Daga jirgi mai kujera ƙasa da 20 suka hau zuwa 30, zuwa 50, zuwa sama da 100. An sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa a 1994 bayan ya shiga matsin kuɗi.

Japan kuwa ta ƙware a sassa, kusan kashi 35 cikin 100 na jikin Boeing 787 a can ake yi. Amma tun jirgin YS-11 na shekarun 1960 ba ta sake kai jirgin fasinja gaban hukuma ba. Mitsubishi ya fara nasa a 2008, gwamnati ta sa kimanin yen biliyan 50, jirgin ya tashi a 2015. Tashi ba shi ne wuyar ba. Hukuma tana son hujja a rubuce a kan kowace waya da kowane ƙusa. Fiffike sai ya ɗauki nauyin da ya ninka mafi tsananin da zai gamu da shi sau ɗaya da rabi na daƙiƙa 3 bai karye ba. Fasinjoji sai sun fice cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofi. A 2017 aka gano cewa sai an sake wurin na'urorin lantarki da hanyar wayoyi, don kada ambaliyar ruwa ko fashewa a wuri ɗaya ta kashe na'ura da madadinta tare. Sake hanyar waya a jirgin da aka gama yana nufin maimaita gwaje-gwaje masu yawa. Ƙari a kan haka, yarjejeniyar ƙungiyoyin matuƙan jirgi da kamfanonin jigila a Amurka ta kayyade jiragen ƙananan hanyoyi a kujera 76 da nauyin tan 39, jirgin kuma ya fi haka nauyi. Bayan ɗage ranar miƙawa sau 6 da kashe kusan yen tiriliyan 1, aka rufe aikin a Fabrairun 2023.

Indonesiya ma ta tashi da jirginta N-250 a 1995 a ƙarƙashin B. J. Habibie, amma sharuɗɗan Asusun Lamuni na Duniya a 1998 suka yanke kuɗin kafin a samu takardar amincewa. Sin ta jure: an kafa COMAC a 2008, jirginsa C919 ya tashi a 2017, ya fara ɗaukar fasinja a Mayun 2023, kuma da injin haɗin gwiwar Amurka da Faransa yake tashi.

To mu fa? Najeriya za ta iya ƙera jirgin fasinja idan gwamnati ta ware kuɗi?
Wani ɗan bautar ƙasa daga Sakkwato

Ɗan'uwa, babban jirgin fasinja ba shi ne wurin farawa ba, kuma duk wanda ya yi maka alkawarinsa cikin wa'adin mulki ɗaya bai duba abin da ya sami Japan ba. Amma ba daga sifili ake ba. Kwalejin horar da ma'aikatan jiragen sama ta Zariya tana nan tun 1964. A Kaduna an haɗa ƙananan jiragen koyo kusan 60 samfurin Air Beetle, bisa ƙirar wani jirgin Amurka, kuma akwai kwalejin fasaha ta sojan sama. Hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, ta tura injiniyoyi Ingila suka haɗa tauraron NigeriaSat-X da hannunsu, aka harba shi a 2011. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ci gaba. Ƙungiyar injiniyoyi kamar garke ce, in aka bar ta shekara biyu babu kiwo watsewa take yi, tara ta kuma ya fi tsada.

Da za a tambaye mu inda kuɗin zai fi amfani, za mu ce a fara da gyara. Jirgi irin Boeing 737 yana bukatar babban duba kusan kowane wata 18 zuwa 24, kuma da yawa daga cikin na ƙasar nan waje ake kai su a biya da dala. Rumfar gyara tana bukatar masu duba tsagewar ƙarfe da sauti da hoton haske, masu facin kabon, da ɗakin daidaita ma'aunai, kuma waɗannan su ne hannayen da ƙira ke bukata daga baya. Maroko ta bi hanyar sassa: ta fara da ɗaurin wayoyin jirgi a Kasabalanka a 2001, ta buɗe makarantar koyar da ma'aikata a 2011, yanzu tana da kamfanoni sama da 100 a fannin. Sai kuma injiniyoyin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, domin ƙasar da hukumarta ba za ta iya tantance ƙira ba, ko jirgi marar matuƙi ta ƙera ba ta da mai sa masa hannu.

A bincike kuwa akwai fannin da yankinmu ya fi Turai kayan aiki, wato ƙura. Hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi yana shiga injin jirgi. A sashen gaba yana goge bakin fikafikan da ke matsa iska. A sashen wuta, inda zafi ke wuce digiri 1,200, ƙurar tana narkewa ta manne a fentin yumɓun da ke kare ƙarfe, ta ratsa shi, in ya huce ya ɓare, tana kuma toshe ƙananan hudojin da iskar sanyaya ke fita. Shi ya sa injinan da ke aiki a ƙasashen Larabawa da Indiya ke saurin komawa gyara, har masu ƙera su suna haɗa ƙurar gwaji suna hura wa inji. Jami'a a Kano ko Maiduguri ko Yamai za ta iya tara ƙura a tsayi daban-daban a kowane wata, ta auna girman ƙwayoyinta da sinadaranta da zafin narkewarta, ta gwada ta a kan gutsattsarin ƙarfe mai fenti a tanderun gwaji. Kayan da ake bukata su ne tanderu mai kaiwa digiri 1,400, madubin lantarki mai nuna ƙananan ƙwayoyi, na'urar tantance ma'adinai, da wutar da ba ta yankewa, domin gwajin awa 100 da wuta ta ɗauke a awa ta 60 sai an sake shi da sabon ƙarfe. Tallafin kuma a rubuta shi na shekara 5, da albashin masu kula da na'urori da kuɗin kayan gyaransu a ciki.